Yadda Ake Jan Tirelar Kwana da Jif Mai Shan Gas: Jagora ga Magidantan Sakkwato

Tirelar kwana, ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota a baya, mai gadaje da kicin da banɗaki a ciki, ba abin da ido ya saba gani ba ne a titunan Sakkwato. Sai dai ana iya shigo da ita ta hannun masu kawo motoci daga Amurka ko Turai, kuma magidancin da ya ƙyalla ido ya gan ta yakan waiwayi Land Cruiser ko Prado ɗinsa mai shan gas, wato dizal, ya ce ai magana ta ƙare, injin da ke keta yashin Illela ba zai gaza jan ɗaki ɗaya ba. Gaskiya ne, ba zai gaza ba. Injin gas yana ba da ƙarfinsa tun yana juyawa a hankali, shi ya sa ja ba ya ba shi wuya. Abin da ke ba mutane wuya shi ne nauyin da bayan motar zai ɗauka, da tsayar da tan shida idan raƙumi ya faɗo kan kwalta, da kuma zafin garin nan. A kan waɗannan uku ne jagorar nan za ta fi daɗewa.

Fara da lissafi, tun kafin ciniki

Lambar da dillali zai fara gaya maka ita ce nauyin da motar ke iya ja. Land Cruiser samfurin 200 mai injin V8 na lita 4.5, da samfurin 300 mai V6 na lita 3.3, an ba su kilo 3,500 idan tirelar tana da birkinta. Prado samfurin 150 tana tsakanin kilo 2,500 da 3,000, gwargwadon shekararta da ƙasar da aka ƙera ta dominta. Tirelar da ba ta da birki kuwa, yawancin motocin nan kilo 750 aka yanka musu, kuma babu tirelar kwana ta iyali da ta tsaya a nan.

Wannan lamba ba ƙarya ba ce, amma ba ita za ta fara kama ka ba. Buɗe ƙofar direba ka duba farantin da ke jikin ginshiƙi, ko littafin motar. Za ka ga iyakar nauyin da aka yarda motar ta kai da duk abin da ke cikinta, an rubuta GVM ko GVWR. Cire nauyin motar ita kaɗai daga ciki. Abin da ya rage shi ne rabonka, kuma a cikinsa ne mutane da kaya da ƙarfen ja da nauyin da wuyan tirela ke dannawa a kan mota duk za su shiga.

Ga misali. Land Cruiser 200 iyakarta wajen kilo 3,350 ce, ita kanta kuma tana kai wajen 2,700. Saura kusan 650. Ka saka kanka da uwargida da yara biyar da ƙanenka da zai taya ka hidima, a ce kilo 400. Tirelar Amurka mai kilo 2,800 tana buƙatar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta ya zauna a kan ƙwallon ja, dunƙulen ƙarfen bayan mota da bakin tirela ke hawa, wato kilo 280 a ƙalla. Ƙarfen ja mai rarraba nauyi shi ma yana kai kilo 40. Ka haɗa: 720. Ka riga ka wuce iyaka ba ka saka ko kular abinci a but ba, alhali tirelar ba ta ma kusanci kilo 3,500 ɗin da aka yi maka talla da shi ba. Shi ya sa ni a ganina mai babban iyali ya nemi tirelar da ba ta wuce kilo 2,000 zuwa 2,300 da kayanta ba, ko kuma a fita da mota biyu, wasu yaran su bi ta biyun.

A jikin tirelar ma akwai faranti, galibi a gefen hagu wajen gaba. Kada ka yi lissafi da nauyinta tana fanko, domin ba za ka taɓa jan ta fanko ba. Yi da iyakarta. Idan daga Amurka ta zo, lambobin da fam aka rubuta su, sai ka raba da 2.2: fam 7,000 kusan kilo 3,175 ke nan. Tirelolin Turai kuma an ƙera su ne don wuyansu ya fi sauƙi, kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari, don haka ka bi abin da mai ƙirar ya rubuta.

Bayan ka loda, nemi ma'aunin manyan motoci irin wanda ake samu a masana'antun siminti da na casar shinkafa, ka roƙi arziki a auna maka sau biyu: mota da tirela tare, sannan mota kaɗai da mutanenta. Ƙiyasin ido a wannan harka kullum ƙasa yake faɗuwa.

Ƙarfen ja da ƙwallo

A nan ne mai walda zai ce maka, "Alhaji, wannan ai aikin awa ɗaya ne, bari in ƙera maka wanda ya fi na kamfani." Ka gode masa, ka ba shi aikin ƙofar gareji. Ƙarfen ja na gaskiya ana ɗaure shi ne da kusoshi a ramukan da kamfani ya tanada a jikin shasi, kuma yana ɗauke da tambarin nauyin da aka gwada shi a kai. Walda a kan shasi tana raunana ƙarfen, kuma ba wanda ya san ranar da za ta saki.

Girman ƙwallo yana yaudara. Na Turai milimita 50 ne. Na Amurka akwai inci 2, wanda ya ɗara milimita 50 da ɗan kaɗan, akwai kuma inci 2 da 5/16 wanda manyan tireloli ke amfani da shi. Bakin tirela mai inci 2 da 5/16 zai hau kan ƙaramin ƙwallo ya zauna kamar ya kama, sai an faɗa rami na farko ya yi tsalle ya fita. An buga girman a saman ƙwallon da kuma jikin bakin tirelar. Su zama ɗaya, ba kusan ɗaya ba.

Tsayin ƙwallo ya zama inda tirelar za ta miƙe sak idan an ɗaura ta, ko gabanta ya ɗan sunkuya kaɗan. Idan gabanta ya ɗaga sama, za ta yi ta layi a hanya.

Ga tirela mai nauyi, akwai ƙarfen ja mai sanduna biyu da ke mayar da wani ɓangare na nauyin zuwa tayoyin gaba na mota. Amfaninsa babba ne, domin idan bayan mota ya zauna, gaba yakan ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako, fitila ta koma haska rassan dogonyaro. Yadda ake saita shi: auna daga ƙasa zuwa bakin bodi a saman tayar gaba kafin ɗaurawa, ka sake aunawa bayan ɗaurawa, sannan ka ɗaure sandunan har awon ya komo kusa da na farko. Duba littafin motarka tukuna, don ba kowane kamfani ne ya yarda da shi ba. Kuma ka sassauta sandunan kafin ka sauka kwalta ka shiga hanyar gona mai kwazazzabai. Ka sani kuma, wannan ƙarfe rarraba nauyi yake yi, ba ya ƙara wa motar iyakarta ko da kilo ɗaya.

Birki da wayoyi

Tirelolin Amurka birkin lantarki gare su, kuma ba ya aiki sai an saka wa motar wata 'yar na'ura kusa da sitiyari da ke aika masa wuta duk lokacin da ka taka birki. Motoci da yawa da ke hannun mutane a nan ba su da ita. Sayi irin wadda ke auna ƙarfin takawarka ta ba tirela daidai da shi, ka kai wa mai wayarin da ya san aikinsa. Tirelolin Turai kuma birkinsu a wuya yake: idan mota ta rage gudu, tirelar ta turo, turowar ce ke kama birkin, ba ruwansu da na'ura.

Saita na'urar a miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso. Kana tafiyar kilomita 40 a awa, ka matsa maɓallin hannu ba tare da taka birkin mota ba. Idan tayoyin tirela suka kulle suka ja ƙasa, rage. Idan ba ka ji ta riƙe motar ba, ƙara. Wurin da ake nema shi ne dab da kullewa. Duk ranar da nauyin kaya ya canja, a sake gwadawa.

Soket ɗin wuta na Amurka da na Turai ba sa shiga juna, ko da dukkansu masu baki bakwai ne. Nemi mahaɗin da ya dace tun wuri, kada a yanke waya a murɗe da salatif.

Shirya motar don zafinmu

Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka nesa ba kusa ba. Motar da ke zirga-zirgar cikin gari lafiya lau tana iya tafasa a Shagari idan aka ɗaura mata tan biyu da rabi. Kafin fita ta farko, bakanike ya wanke lagireto ciki da waje, ya fitar da ƙura da ƙaiƙayin da suka toshe ramukansa, ya duba fanka da bel da tiyo, ya zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya. Ruwan rijiya zalla yana saurin tafasa, yana kuma barin tsatsa.

Giyabos mai canja kansa shi ne ya fi shan wahala a ja, kuma ba ya kuka sai ya ƙone. Canja mansa idan ya daɗe, kuma in motar ba ta zo da ƙaramin lagireton man giya ba, a ƙara mata. A hanya kada ka bar ta tana neman giyar ƙarshe tana dawowa. Mayar da ita S, ka riƙe ta a ta huɗu ko ta biyar. Injin zai ɗan ɗaga murya, ba komai, ya fi masa daɗi a haka.

Sai gas ɗin kansa. Injinan zamani ba sa jure ruwa ko datti a cikin mai, kuma gyaran nozul kuɗi ne mai yawa. Sha mai a gidan man da manyan motoci ke yawan shiga, ka bar na jarka a bakin titi, ka riƙe matatar mai sabuwa a mota tare da sanin yadda ake tsiyaye ruwan da ta tara. Motocin da aka ƙera don Turai wasunsu suna da matatar hayaƙi da tankin AdBlue, wani ruwa da ke rage gubar hayaƙi, idan taka irinsu ce ka tafi da naka ruwan. Shan mai zai ƙaru da rabi, wani lokaci ya kusa ninkawa idan kana fuskantar iska, don haka lissafin da ka saba yi na tanki ɗaya ya daina aiki. A hunturu kuma matatar iska tana cika da ƙura da wuri, a riƙa kakkaɓe ta.

Bayan doguwar tafiya, bar injin ya yi minti biyu zuwa uku yana aiki a tsaye kafin ka kashe, don turbo ya huce.

Taya

Tirelar da aka shigo da ita takan zo da tayoyi masu zane raɗau, domin ba a cika tafiya da ita ba, amma shekaru sun cinye robar. A gefen taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta wuce shekara biyar zuwa shida a canja ta, har da safaya, kuma ba da 'yar Kwatano ba. Auna iska da sassafe kafin taya ta ɗumama, da ma'auninka, ba da bugun sifanar mai faci ba. Idan ka auna da rana ka ga iska ta hau, kada ka rage, haka take. A buɗe boris ɗin ƙafafun tirela a sake musu giris, sannan a sake ɗaure notocin taya bayan kilomita 50 zuwa 80 na farko.

Loda kaya

Duk wanda ya taɓa tura amalanke ya san abin da ke faruwa idan aka jibge buhuna a can ƙarshe: hannu ya yi sama, amalanke ta ƙi bin hanya. Haka tirela take. Kusan kashi 60 cikin ɗari na kaya su kasance gaban tayoyinta, masu nauyi a ƙasa kuma kusa da tayoyin, a ɗaure su yadda ba za su gangara ba. Janareta da buhun shinkafa da jarkokin ruwa ba su da wuri a bayan tirela, ko da nan ne ya fi sauƙin sakawa.

Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne. Tankin lita 150 idan ya cika ya kai nauyin manya biyu. In akwai ruwa mai kyau inda za ku, ɗauki na sha da na alwala da na hanya, ka cika sauran a can. Tankunan ƙazanta su fita gida babu komai a ciki. Tukunyar gas ta girki a tsaye, a ɗaure, a rufe.

Ba a zama a cikin tirela tana tafiya. Yara za su yi magiya, wataƙila Hajiya ma ta ce bari ta ɗan kishingiɗa a gado tunda hanya da nisa. Babu bel a ciki, bangonta kuma siririn katako ne da gwangwani.

Ɗaurawa

Yi shi da tsari ɗaya kullum, kuma kada kowa ya ja ka da hira har ka gama.

1. Tare tayoyin tirela da katako gaba da baya.
2. Ɗaga wuyanta da jak ɗinta har ya wuce tsayin ƙwallo, ka yi ribas a hankali wani yana nuna maka.
3. Sauke bakin a kan ƙwallo, ka rufe maƙullin, ka zura fil ɗinsa.
4. Sake ɗaga jak ɗin kaɗan. Idan bayan mota ya biyo shi sama, ya kama. Idan bakin ya fita shi kaɗai, da ma bai kama ba.
5. Saka sandunan rarraba nauyi in kana da su, sannan ka naɗe jak ɗin gaba ɗaya.
6. Gitta sarƙoƙi biyu a ƙarƙashin wuyan, ta dama zuwa hagu, ta hagu zuwa dama, yadda in ya saki zai faɗa a kansu. Su yi sakin da zai isa shan kwana, amma kada su ja ƙasa.
7. Maƙala siririyar wayar birkin gaggawa a jikin motar kanta, ba a jikin sarƙa ba. Ita ce ke kama birkin tirela in ta rabu da mota, kuma a tirelar Amurka da batirin tirela take aiki, don haka ya kasance da caji.
8. Jona soket, wani ya tsaya a baya ya tabbatar da wutar birki da sigina biyu da fitilun dare.
9. Zagaya tirelar: ƙafafun tsayuwa an naɗe, matakala an shigar, tagogi da murfin rufi an rufe, rumfa an kulle, katakon taya an cire.

Madubin motarka ba zai nuna maka gefen tirela mai faɗin mita 2.4 zuwa 2.6 ba. Akwai madubin ƙari da ake ɗaurawa a kan na mota, saye shi dole ne.

Takardu

Tun da abin baƙo ne, za a tsayar da kai a shingaye ko don kallo. Je ofishin hukumar kiyaye haɗurra da na VIO tun kafin tafiya, ka tambayi rajista da lambar da tirelar ke buƙata, da ajin lasisin da ya dace, domin ajin B da yawancinmu ke riƙe da shi na motar da ba ta kai tan uku ba ne. Riƙe takardun kwastan na tirelar, ka sanar da kamfanin inshorarka cewa kana ja. Abin kashe gobara ɗaya a mota, ɗaya a tirela, da alamar tsayawa mai kusurwa uku. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra 122 ce.

Koyo a fili

Kada ranar tafiya ta zama ranar koyo. Samu fili babba da safe, ka jera jarkoki, ka yi ta shan kwana har ka gane cewa tayoyin tirela suna yanke kwana ta ciki, bayanta kuma yana fita ta waje. A shataletale wannan bayan shi ke share ɗan kabu-kabun da ya kutso gefenka, kuma zai kutso.

Ribas kuwa, sa hannu a ƙasan sitiyari. Inda ka kai hannun, nan bayan tirela zai nufa. Juyi kaɗan-kaɗan. In ta fara lanƙwashewa da yawa, ja gaba ka miƙe ka sake, ba abin kunya ba ne. Mai nuna maka ya tsaya inda kake ganinsa a madubi, ku yi yarjejeniyar alamun hannu, in ya ɓace maka ka tsaya cak. Mutum ɗaya ne zai yi nuni. A garin nan kafin ka ankara mutum goma sun taru kowa yana cewa "taho, taho", wani yana cewa "karya hagu".

Auna tsayin tirelar har saman na'urar sanyaya ɗaki, ka rubuta a takarda ka manna gaban sitiyari. Da yawa suna haura mita uku, kuma wayoyin wuta a unguwanni da ƙofofin gidaje ba a yi su da ita a rai ba. Lungunan tsohon gari da kewayen babbar kasuwa, inda agwagwa-da-buje ke cika hanya, ba wurinta ba ne.

A kan hanya

Fita bayan sallar asuba da gari ya waye, ka yi mafi yawan tafiyar kafin rana ta take. Gudu kada ya wuce 70 zuwa 80 a kwalta mai kyau, ƙasa da haka a inda ta lalace. Tazarar da kake bari tsakaninka da na gaba ka ninka ta. Tudun rage gudu na garuruwan kan hanya a hau shi kamar ana tafiya da ƙafa, domin bayan tirela mai tsawo yana dukan ƙasa. Ramuka kuwa, gara ka rage gudu ka shiga da ka fizge sitiyari ka kauce. A gangara sauke giya, injin ya riƙe, kada ka kwanta a kan birki. Duk bayan awa ɗaya da rabi ka tsaya ka zagaya, ka kusantar da bayan hannu ga tsakiyar kowace ƙafa. Wadda ta fi 'yan'uwanta zafi sosai, boris ne ko birki ke kamawa.

Layi shi ne abin tsoro. Yakan fara ne idan gingimari ko tirelar siminti ta wuce ka da gudu, ko iska ta bugo daga gefe, ko kaya sun yi yawa a baya. Za ka ji bayan mota yana kaɗawa dama da hagu. Jikinka zai ce taka birki, kada ka taka. Ɗage ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe ba tare da ƙoƙarin bin kaɗawar ba, ka matsa maɓallin birkin tirela da hannu a hankali. Tirela in ta ja baya, sai ta miƙe. Da ta lafa, sauka gefe ka gyara lodi, ka ci gaba da gudun da bai kai na da ba. Idan hadarin farkon damina ya taso da guguwarsa, ko hazon hunturu ya rufe hanya, nemi gari ka tsaya.

In allurar zafi ta fara hawa, kashe na'urar sanyi, sauka gefe, bar injin yana aiki a tsaye har ta sauko. Ba a buɗe murfin lagireto da zafi.

Ina za a kwana

A Amurka da Turai akwai filayen da aka tanada don irin wannan, da wuta da famfo da wurin zubar da ƙazanta. Mu nan sai mutum ya shirya nasa, kuma maganar tsaro ce ke gaba da komai. Yankunan Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, haka ma hanyar Gusau. Madatsar ruwan Goronyo wuri ne mai kyan gani, amma kyan gani ba dalili ba ne na kai iyali kwana. Farar tirela a bayan jif ana hango ta daga nesa, ba ta gudu, ba ta juyawa a ƙaramar hanya. Saboda haka kwana a dajin da ba kowa a cire shi daga lissafi gaba ɗaya.

Abin da ya dace shi ne gonar gida ko lambun ɗan'uwa mai shinge kusa da gari, ko harabar masauki mai maigadi da aka yi magana da su tun kafin a zo. Fita ta farko ta zama kusa, inda in an manta wani abu za a iya komawa gida a ɗauko. Daga baya a iya tunanin Argungu, mai nisan kusan kilomita 100, inda yara za su ga gidan tarihi na Kanta da kogin Matan Fada da ake bikin kamun kifi a cikinsa, bikin da ya samo asali tun 1934. Kowace hanya za ka bi, tambayi direbobin tasha halin da take ciki a ranar, ba a makon jiya ba. Idan ƙauye ne, fara da gaida mai gari ka gaya masa ko kai wane ne da kwana nawa za ka yi. A isa kafin la'asar. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi daɗi. Da damina ƙasar fadama tana haɗiye taya.

Sauka da zama

Kafin ka shigar da tirela wuri, taka shi da ƙafa ka ga ko ƙasa tana da ƙarfi, ka kuma san ta inda za ka fita. In yashi ne, sa giyar ƙarfi ta ƙafa huɗu tun kafin ka shiga. Daidaita gefe da gefe ta hanyar hawa kan katako tun tana ɗaure da mota, tare tayoyi, sannan ka kwance, ka daidaita gaba da baya da jak. Ƙafafun kusurwa huɗu na hana girgiza ne kawai, ba a ɗaga tirela da su. Daidaiton ba don jin daɗin barci kaɗai ba ne, firjin da ke aiki da gas ɗin girki yana lalacewa idan ya daɗe a karkace.

Wutar tirelar Amurka 120 ce, tamu 230. In ka jona ta kai tsaye da janaretanka, ka ƙona cajar batir da na'urar sanyi a lokaci guda. Sai da taransifoma mai rage wuta wadda ta isa nauyin, kuma mai gyaran wuta ya duba ko na'urar sanyin za ta jure wutarmu. Tirelar Turai ba ta da wannan matsala. Kan tukunyar gas ɗin girki na tirelolin waje ma ya bambanta da namu, a kai wa masu aikin gas su canja, a gwada da ruwan kumfa.

Janareta ya yi nisa da tirela, hayaƙinsa yana bin iska zuwa wani gefe, ba ƙarƙashin taga ba. Daren hunturu kada a shigar da kaskon gawayi ciki, kada kuma a kunna murhu don jin ɗumi. Ɗaki ne ƙarami a rufe, hayaƙin da ba a gani yana kashe mutane cikin barci. Na'urar gargaɗin hayaƙi da ke ciki a sa mata sabon batir. Kusa da ruwa akwai sauro, a tafi da gidan sauro ko da tagogin suna da raga. Rumfa a naɗe ta kafin a kwanta, iska ɗaya ta isa ta karya ta. Ruwan banɗaki a dawo da shi a juye a masai ko shadda, ba a gonar mutane ko bakin gulbin da ake sha ba.

Bayan an dawo

Wanke tankuna ka tsiyaye su, buɗe firji ya sha iska, fitar da duk abincin da zai kira ɓera. Cire kan batir, ka riƙa yi masa caji duk wata. Rana ce babbar mai cin tirela a Sakkwato: a ajiye ta a inuwa, a rufe tayoyin da buhu ko tabarma. Kafin ruwan farko, hau rufin ka duba gam ɗin da ke kewaye da murfi da na'urar sanyi, duk inda zafi ya tsattsaga shi a sake shafawa. Motar kuma a canja mata baƙin mai da wuri fiye da yadda aka saba, a duba takalman birki na gaba da na baya.